Yaya Ba Ta Yanka Yadi Sai Ta Ga Taga

Duk wanda ya taɓa kawo aiki shagon Yayata ya san dokarta: ba ta ɗinka labulen tagar da ba ta gani da idonta ba. Ka zo da awonka a rubuce, ka rantse kafinta ne ya auna maka, za ta saurare ka har ka gama, sannan ta rataya tef a wuya ta ce, "Mu je in gani." In ka ce gidan da nisa, ta ce ƙafarta lafiya lau. In ka ce sauri kake yi, ta nuna maka shagon gaba, ta ce shi ma yana ɗinki.

Idan ta shiga ɗakin kuma ba awo take fara yi ba. Tsayawa take yi a tsakiya kamar wadda ta manta abin da ya kawo ta. Ta duba ta inda rana ke shigowa, ta buɗe tagar ta rufe, ta ƙwanƙwasa bango ta ji ko zai riƙe sandar labule, ta tambayi wa ke kwana a nan da lokacin da yake tashi. Sai ta gama wannan duka sannan ta miƙo mini bakin tef ta ce, "Auta, hau." Ni ce Autar. Na girma, na yi aure, na haihu, amma har gobe ni ke hawa tsani in riƙe bakin tef.

Mu uku ne a wurin Inna: Yaya, sai Injiniya, sai ni. Injiniya fanka da dutsen guga yake gyarawa, shi ya raɗa wa kansa sunan, sunan kuma ya bi shi. Shekarar da Yaya ta gama sakandare Baba ya rasu, ya bar mana shagon labule da kekunan ɗinki, da Inna wadda ko zare ba ta iya zurawa a allura ba. Sakamakon jarrabawar Yaya ya yi kyau har malamanta suka biyo ta gida, kuma kowa ya san lauya take so ta zama, don tun tana firamare take tsugunar da mu a tsakar gida tana yi mana shari'a a kan ƙwallo da fensir. Ba wanda ya ce mata ta bar karatu. Wata safiya kawai aka ga ta ɗauki makullin shago, ta je ta zauna a kujerar Baba. Da keken nan ta ciyar da mu, ta yi mana makaranta, ta aurar da mu. Ita ma ta yi aure a tsakani, ta haifi 'ya ɗaya, mijin ya rasu, ta dawo ɗakinta na dā kusa da na Inna. Matar da ta yi wa rabin garin nan labule, na ɗakinta haɗe-haɗen ragowar yadin mutane ne, wani gefen ya fi wani tsawo. In na yi magana sai ta ce ai yana tare rana.

Akwai abin da baƙo ba zai gane ba sai an gaya masa. Kunnen Yaya na hagu ba ya ji. Zazzaɓi ne ya tafi da shi tun tana ƙarama, na daman kuma ƙarar keke ta shekara da shekaru ta rage masa kaifi. Mu a gida mun ma manta da zancen, don komai namu ya riga ya karkata ta dama. Kekenta a shago hagunsa na jikin bango. In muna tafiya a hanya ƙafa ce da kanta ke kai mutum damanta. Yaranmu tun suna rarrafe suke zagayowa ta can in suna son wani abu. Kuma dukkanmu da ƙarfi muke magana, har maƙwabta na cewa gidanmu ko gaisuwa ake yi sai ka ɗauka faɗa ne. Ta taɓa gwada 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a kunne. Ta ce in mutum ɗaya ke magana tana taimakawa, amma in wuri ya cika da hayaniya sai ta kwaso komai ta juye mata a ka. Na'urar tana nan cikin gwangwanin ƙugiyoyin labule.

A daman nata akwai wata 'yar kujera mai ƙafa uku, ita ce kotunmu. Injiniya in ya ɓata da matarsa, a kanta yake zama. Inna in maƙwabciya ta zubo mata ruwan wanki ta ƙarƙashin katanga, a kanta take zama. Masu shagunan layinmu ma sun gano hanya, har suka sa mata suna Mai Shari'a. Ba ta daina ɗinki in kana magana, kai dai ka ɗaga murya ka yi ta bayani. Amma in ka ji keke ya tsaya, to ka gyara zama, an zo wurin hukunci. Ni da Injiniya mun fi kowa gogar da kujerar nan, don tun muna yara ba ma jituwa, kuma ba laifina ba ne.

Da 'yarta ta gama karatun nas ta kama aiki a wani gari, sai Yaya ta fara rufe kekenta da la'asar tana fita da jaka. Ajin manya ta shiga. Ta sake zana jarrabawar shiga jami'a tare da yaran da ke ce mata Mama suna ba ta kujera, tana da shekara arba'in da ɗoriya. Ta ce mana sau ɗaya za ta gwada, in bai yi ba ba za ta sake ba, kuma Yaya in ta ce sau ɗaya to sau ɗayan ne. Sai ga shi ya yi, ya ma yi fiye da yadda ake so: jami'a biyu suka ba ta gurbin karatun shari'a.

Ɗaya a garinmu take, babba ce, tsohuwa, wadda in an ambaci sunanta mutane ke gyaɗa kai. Mota ɗaya za ka shiga daga bakin layinmu ta sauke ka a ƙofarta. Ɗayar ƙarama ce a wani ɗan gari mai nisa, tafiyar yini guda, mu ko sunanta ba mu taɓa ji ba. Malamin ajin manya ne ya ce ta nema, wai ɗalibansu ba su da yawa. A gida muka sa musu Ta Kusa da Ta Nesa. Dukkansu sun ce kafin wata ya ƙare mutum ya amsa, in ba haka ba a ba wani gurbin.

Injiniya ya ce, "Wannan har zaɓi ne? Ta Kusa ai sunanta kaɗai ya isa a ɗauki mutum aiki. Ga ta a ƙofar gida. Ki yi karatunki da safe, ki dawo ki ci abincin Inna."

Ni ma ra'ayina ke nan, ko da yake ban so a ce mun haɗu da shi a magana ba. Dalilina kuma ban ɓoye ba: in Yaya ta tafi, shago a kaina zai faɗo. Inna kuwa na lura ta fara zuba wa Yaya abinci fiye da yadda za ta iya ci.

Amma Mai Shari'a, wadda ke raba gardamar mutane kafin ta gama kalmasa bakin labule ɗaya, ta kasa yanke tata. Mako ya wuce, wani ya bi shi. Ta ɗinka wa wata mata shafi a baibai, abin da ban taɓa gani ba. Da na matsa mata sai ta ce, "Auta, na san kaina, na san ku. In ina garin nan, ranar da nake da jarrabawa ranar Injiniya zai ɓata da matarsa, kuma zan ajiye littafin in saurare shi. In na tafi can kuma, wa zai tsaya a kan Inna ta sha maganin hawan jininta? Duk wadda na ɗauka sai in ji kamar na ci amanar wani."

Na kai wa Injiniya wannan maganar, shi kuma ya fito da dabara irin ta masu gyaran fanka. Ya tara mu a ɗakin Inna, da ni da matarsa, ya ce tunda tsoron Yaya shi ne za mu dame ta, sai mu nuna mata ba ma damunta. Daga yau kada wanda ya sake zama a kujera mai ƙafa uku. Ba ƙara, ba ƙorafi, ba neman shawara. In ta ga gida lafiya lau ba tare da ita ba, hankalinta zai kwanta ta amsa Ta Kusa. Har masu shagunan layi ya bi ya ja wa kunne.

Allah ya sani mun yi ƙoƙari. Injiniya ya ari tsanina ya dawo da shi da ƙafa a lanƙwashe, na haɗiye na ce masa sannu da aiki. Matarsa ta yi kwana da kwanaki ba ta yi masa magana, amma in sun shigo shago sai ka ga suna murmushi kamar masu ɗaukar hoto. Inna ta koma share ruwan maƙwabciya da kanta tana ƙunƙuni a hankali. Kuma da yake duk wanda ke riƙe da magana a ciki muryarsa ƙasa take yi, sai gidan ya koma raɗa-raɗa. Gidan da Yaya ta saba jin komai, yanzu sai ta ga baki na motsi, in ta juyo a yi shiru. Kujerar nan ta yi ƙura, na ɗora mata ƙunshin yadi don kada a gani.

Ranar wata Laraba da hantsi, muna cikin aiki, sai na ji keke ya tsaya. Ba kowa a kujera. Na ɗago kai.

Ta ce, "Auta, na fasa."

Na ce, "Kin fasa wacce?"

"Duka biyun. Tun ban je ko'ina ba gida ya mutu. Kowa na gudu na, Inna ba ta gaya mini komai, ke ma sai ki yi ta kallon bango. In kun ji haushi na ce zan bar ku da wahala ai sai ku faɗa mini. Karatun da zai raba ni da 'yan'uwana ba na so. Dā ma na tsufa da shi."

Raina ya ɓaci. Na ture ƙunshin yadin, na zauna a kujerar da ƙarfi har ta yi ƙara, na zazzage mata komai: dabarar Injiniya, tsanina da ya lanƙwasa, gabar da matarsa ke yi da shi, ruwan maƙwabciya. Ina yi muryata na dawowa yadda Allah ya halicce ta, har mai shagon gaba ya leƙo. Yaya ta saki baki tana kallona, can sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Wato duk shirun nan kirki kuke yi mini?"

Na ce, "Kirki ne, kuma ya kusa kashe mu."

Amma da dariyar ta lafa sai ta sake yin jugum. Ta ce wannan bai canja komai ba, har yanzu ba ta san wadda za ta ɗauka ba, kuma wata ya kusa ƙarewa. Tana magana tana jujjuya wayarta, inda hotunan makarantun biyu suke, waɗanda ta kalla har ta haddace. Sai idona ya faɗa kan tef ɗin da ke wuyanta.

Na ce, "Yaya, jiya kika mayar da matar nan da ta kawo hoton tagarta a waya. Kika ce hoto ba ya nuna rana. Ke da ba ki yanka yadin mutane sai kin tsaya a ɗakin, shi ne za ki yanka shekarunki a kan hoto da zancen Injiniya? Ta Kusa da ke bayan gidanmu ma ba ki taɓa shiga ajinta ba."

Ta dube ni ta dubi wayar. Ta ce, "Yarinyar nan yau kin yi magana." Sannan ta miƙe ta lulluɓe keke. "Mu je in gani."

Ta Kusa muka fara zuwa washegari da safe. Gaskiya ta amsa sunanta. Dogayen bishiyoyi, gine-gine masu hawa, ɗakin karatu da ya fi layinmu gaba ɗaya tsawo. Ni kam na fara tafiya ina ɗaga kafaɗa kamar ni aka ɗauka. Muka tambayi inda 'yan ajin farko na shari'a ke lacca, aka nuna mana wani zaure, kuma ba wanda ya tambaye mu su wa ne mu, don mutanen ciki sun fi a ƙirga. Kujerun hawa-hawa ne har sama, rufin ya yi nisa, bangon siminti ne tsirara, tagogi manya ba ko ƙyalle a jikinsu. Fankoki na ta kaɗawa, wasu na kuka irin wanda Injiniya ke so. Layukan gaba samari da 'yan mata sun cika su tun kafin a buɗe ƙofa sosai. Wata yarinya mai kirki ta ga Yaya ta tashi ta ba ta wurinta a kusa da gaba, ni na tsuguna a matakala ta damanta.

Malamin ya shigo da lasifika a hannu. Ni na ji shi, kuma ya iya magana. Amma muryar na fita ta bugi bango ta dawo ta haɗu da wadda ke biye da ita. Na saci kallon Yaya. Ta karkato da kanta, ta kafe bakinsa da ido. Can na ga ta zura hannu a jaka ta ciro na'urar nan ta cikin gwangwani, ashe ta taho da ita. Ta maƙala, ta yamutsa fuska, ta cire. Malamin ya faɗi wani abu zauren ya kwashe da dariya. Yaya ta waiga hagu da dama, sai da kowa ya kusa gamawa sannan ita ma ta yi tata dariyar. Abin ya soke ni a zuciya, don ban taɓa ganin Yaya ta yi dariyar abin da ba ta ji ba.

Da muka fito ta nemi benci a gindin bishiya ta zauna. Sannan ta juyo ta tambaye ni.

"Me ya ce da suka yi dariya?"

Na gaya mata.

Ta ce, "Ko kalma ɗaya ban kama ba, Auta. Kamar ana magana a cikin rijiya. Kun lallaɓa ni shekara da shekaru har na manta kurma ce ni." Ta share ido da bakin mayafi. "Ashe ba zaɓin makaranta ba ne matsalata. Lauyar da ba ta ji, wa za ta kare? Mu koma shago."

Amma taurin kai na gado ne a gidanmu. Na ce ai taga ɗaya muka gani, saura ɗaya, kuma ni ba na ɗaukar tsani in koma da shi ban hau ba. Ta ce nisa. Na ce ƙafarta lafiya lau. Ta harare ni, don ta san inda na samo maganar.

Muka bar wa matar Injiniya Inna da maganinta, muka kama hanya da sassafe. A mota na yi ta cin gyaɗa don kada in yi kuka. Muka kwana a masaukin baƙi na garin, da safe muka nufi makarantar. Da na gan ta sai da na ji kunyar abin da zan gaya wa Injiniya. Gine-gine ne gajeru masu rufin kwano, fentin ya koɗe, awaki na kiwo a bayan ofis. Wani ma'aikaci ya saurari bayaninmu, ya shiga ya nemo mana izini wurin malamar da ke da aji a lokacin.

Ɗakin bai fi shagonmu sau uku ba. Ɗaliban sun zauna a zagaye, kowa na ganin fuskar kowa. Malamar dattijuwa ce mai tabarau, ta nuna mana kujeru a gefe ta ci gaba da abin da take yi. Yaya, da yake hali ba ya ɓuya, ba mutanen ta fara kallo ba. Rufin ta duba, ga shi ƙasa-ƙasa da silin. Sannan tagogi: labule ne masu kauri har ƙasa, da shafi. Ta kai hannu ta murza bakin na kusa da ita, ta raɗa mini, a irin raɗarta da ake ji daga waje, "Kalmasar ba ta yi ba, amma yadin na da nauyi. Shi ke shanye amsa-kuwwa."

Malamar na ba su misali ne. Wani mutum ya yi wa abokinsa alƙawarin zai ba shi kekensa kyauta, daga baya ya ce ya fasa. Abokin ya kai ƙara. Me kotu za ta yi? Wata siririyar yarinya a can lungu, mai murya kamar ta sauro, ta ce ita a ganinta ba za a tilasta masa ba.

Sai kawai na ji murya a kusa da ni, irin ta gidanmu, ta cika ɗakin. "A'a, 'yata. Alƙawari ai alƙawari ne. Tunda ya faɗa da bakinsa a gaban mutane, sai ya ba shi kekensa."

Ɗaliban suka juyo gaba ɗaya. Ni na so ƙasa ta tsage in shige. Yaya ma sai a lokacin ta tuna baƙuwa ce, ta rufe baki da hannu.

Malamar ta sauke tabarau ta yi murmushi. Ta ce, "Baiwar Allah, a gida hukuncinki daidai ne, ni ma shi zan yanke wa 'ya'yana. Amma a kotu ba ki yi daidai ba. Ba kowane alƙawari ne doka ke tilasta a cika ba, kuma sanin wanne ne wanne shi za mu yi wata da watanni muna yi a ɗakin nan. Yarinyar ta fi ki gaskiya yau."

Na zaci Yaya za ta ji kunya. Da na dube ta sai na ga fuskarta ta washe kamar an ɗaga labule da safe. Ta gyara zama, ta matsa da kujerarta gaba, har aka tashi ba ta sake waiwayo ni ba. Sai a lokacin abin ya faɗo mini: yarinyar nan mai muryar sauro a can ƙarshen ɗaki take, kuma Yaya ta ji ta sarai, ba na'ura, ba wanda ya maimaita mata.

A waje ta kama hannuna ta matse har ya yi zafi. "Auta, kin ji? Ta ce ban yi daidai ba!" Tana dariya hawaye na zuba. "Rabon da wani ya dube ni ya ce ban yi daidai ba tun Baba na da rai. Kuma na ji ta. Na ji su duka." Ni ma na sauke wata ajiyar zuciya da na ɗauko tun daga gindin bishiyar can. Kafin mu bar wurin ta koma ofis ta amsa gurbinta, ba ta tambayi kowa ba, ko ni da ke tsaye a damanta.

A hanyar dawowa ne tsoron Inna ya kama ta. Ta yi ta shirya maganar da za ta faɗa, tana warwarewa tana sake ɗinkawa. Muka tarar da Inna a tsakar gida tana tsince shinkafa, Injiniya na gefe ya zo jin labari. Yaya ta durƙusa ta fara dogon bayani, daga bishiyoyin Ta Kusa har awakin Ta Nesa. Inna ta katse ta.

"A ta nan ɗin kin ji abin da malamin ke cewa?"

"Ban ji ba, Inna."

"A can fa?"

"Na ji."

"To me kike durƙuson a kai?" Inna ta ci gaba da tsintar shinkafarta. "Da kin zauna saboda ni, da abincin da nake zuba miki ba zai ƙara yi mini daɗi ba. Sau ɗaya kika ɗauki makullin shago ban hana ki ba, ya isa. Magani kuma ai ba a hannunki kaɗai yake aiki ba."

Injiniya ya buɗe baki zai kawo zancen suna, Inna ta ce in sunan ne ke karatun to shi ya je ya zauna a zauren. Daga baya ma shi ya gyara wa Yaya 'yar fanka ta tebur ta tafi da ita, kuma abin mamaki har yau tana aiki.

Kafin ta tafi na sayo yadi mai kyau, ruwan ganye, dunƙule guda ba ragowar kowa ba, na ce na ɗakinta ne na can. Ta shafa shi ta ce in ajiye tukuna. Da ta kwana biyu da tafiya sai ga wayarta. Ta samu ɗaki a gidan ɗalibai, taga ɗaya, rana na dukanta tun da asuba ta wuce. Ta auna da kanta, ta fara karanto mini faɗi da tsawo, ta ce in ɗinka in ba direba.

Na bari ta gama tsaf. Sannan na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Shagon nan ba ma ɗinka labulen tagar da ba mu gani ba."

Sai ta ce, "Ja'ira. To ki zo ki gani."

Na je da tef a wuya da yadin a cinya, ban sa masa almakashi ba. Ɗakin ɗan ƙarami ne, gado da tebur da littattafai masu kauri, kowanne da tsinken yadi a tsakiya inda ta tsaya. Na tsaya a tsakiyarsa yadda ta koya mini, na duba ta inda rana ke shigowa, na ƙwanƙwasa bango. Ita tana bakin tebur tana karatu, leɓenta na motsi. Da na gama awo sai ƙafa ta kai ni damanta, na zauna a bakin gado, na gyara murya. Na taho da ƙara mai zafi, don Injiniya ya sake aron tsanina.

Na fara ke nan, ko sunansa ban gama faɗa ba, ta ɗaga hannu ba tare da ta ɗago kai ba.

"Auta, ku je ku sasanta kanku. Gobe ina da jarrabawa."

Na zauna da bakina a buɗe. A kujera mai ƙafa uku na girma, ba a taɓa korar ƙarata ba sai ranar. Na naɗe tef ɗina a hankali don kada in dame ta, na koma wajen taga na tsaya ina murmushi ni kaɗai. Wallahi ban taɓa jin daɗin an kore ni kamar ranar ba.